Man shafawar Alhaji Sule

Kazaure, daren Laraba.

Dokina Akawal ya zurma ƙafa a wani sabon rami a filin horo. Likitan dabbobi ya ce jijiya ta yage, sukuwar Babura ta wuce mu. Ban gaya wa kowa ba, amma da la'asar sai ga Alhaji Sule daga Roni, wanda dokinsa bai san komai na Akawal ba sai wutsiya. Har da kwalbar man shafawa.

"Sannu, Malam. Ta hagu ce ko? Allah ya kiyaye gaba."

Ban taɓa ganin jaje mai sauri haka ba.

Matata Hajiya ta ce zargi zai kashe ni. Wataƙila. Na dai fara shafa man a tawa ƙafar. In na wayi gari ina takawa, Akawal ya samu.