Abincin Kaka Ishaku Ba Zai Tsaya Ba

Tunga, Minna.

Zuwa ga Yayana Silas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Gift da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata, ƙanwarmu Shekinah kuma ta gama jarrabawa ta dawo ta cika mana gida da surutu.

Yaya, maganar Kirsimeti ce ta sa na rubuto. Wannan ne na farko da za mu yi babu Kaka Ishaku. Ranar Lahadi bayan sujada Kawu Kingsley ya tara mu, ya ce bana ba za a kai abinci tasha ba, wai gidan makoki ba ya ɗora babbar tukunya, kuma mai abu ya tafi da abinsa. Na bari ya gama, sannan na durƙusa na ce ya yi haƙuri, ni kam zan dafa. Ransa bai so ba. Mama ta harare ni, amma ba ta ce in bari ba.

Ka tuna yadda Kaka kan jera mu kamar 'ya'yan agwagwa, cikin sabbin kaya, kowa da kwanon shinkafa da miyar akuya a ka, har tashar jirgin ƙasa? Kai a gaba, ni a baya ina kukan takalmi ya matse ni. Duk matafiyin da ranar ta riska a hanya sai ya ci, ba a tambayar sunansa balle addininsa. Da jirgi ya yi wuya muka koma tashar mota. Sai da Kaka ya kwanta a asibiti ya gaya mini dalilin wannan rabon abincin. Ranar Kirsimeti ya fara sauka Minna daga Kafanchan, yana saurayi, bai san kowa ba. Ya yini da yunwa, har wata mai tuwo ta zuba masa kyauta. Bai sake ganinta ba. Ya ce tun da bai san inda take ba, gara ya ba kowa, ko Allah zai sa jikanta na ciki. Alheri danƙo ne, Yaya, ba ni ce zan bari ya faɗi ƙasa ba.

Na riga na je Kasuwar Kure na sayo shinkafa da kayan miya. Maƙwabciyarmu Nana Khadija da ta ji labari sai ta aiko da tukunyarta tun ban roƙa ba, ta ce ɗanta Sadiq zai yanka akuyar kamar yadda marigayi mahaifinsa ya saba, domin kowa ya ci da kwanciyar rai.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina: waƙar da Kaka kan yi da yarenmu kafin a buɗe kwanuka. Na zaga tsofaffin ikilisiya, babu wanda ya san ta, da alama shi ya haɗa abarsa. Rabi na iya. Kai kaɗai ya koya wa duka, a bayan kekensa. Na san hanya da nisa, kuma samun hutu da wuya, amma kada ka turo mini ita ta waya. Ka zo ka tsaya a gaba. In ba ka zo ba zan je da Shekinah, in rera rabin da na sani, in yi shiru a inda ta yanke mini, sannan mu raba abinci.

Mama na gaishe ka, ta ce ka taho da rigar sanyi. Ka gaida Anti Gift, ka shafa mini kan Hope da ƙaninta. Kawu ma yana gaisuwa. Jiya ya aiko da itace.

Taka ƙanwa mai jiran ka,
Hadassah.