Auduga a Kumatu

Talata, 17 ga Yuni, 2025

Yau aka auna ni. Ni Murja tela, shekara ashirin da biyu ina auna matan Tunga, yau ni aka shimfiɗe aka auna. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Da sassafe muka bar unguwarmu Kpakungu a Minna ni da Yaya Muniratu, ramukan Lambata suka kaɗa mana hanji kafin mu isa asibitin Abuja. Wata ma'aikaciya, Rebecca, 'yar Paiko, ta tsoma wata ragar roba a ruwan zafi ta kifa min daga goshi har wuya, ta sandare a kaina. Ta ce da ita za a riƙa kafe kaina kullum in an fara gashi, don kada in motsa. Daga nan aka tura ni cikin injin hoto. Kuka ya zo min, amma ba halin buɗe baki.

Laraba, 18 ga Yuni

Abin da na kasa rubutawa jiya. Dokta Sheshi ya nuna min cikin kaina a kwamfuta. Ciwon dajin yana bayan hancina, an kewaye shi da jan layi kamar alli a yadi. Dab da shi wani siririn layi rawaya, jijiyar idona na hagu. Wutar gashin za ta cika cikin jan, ta kauce wa rawayan.

Na ce wa ya zana? Ya ce kwamfuta ce mai ƙirƙirarriyar basira, ta koya daga hotunan dubban marasa lafiya. Abin da yake yini yana yi, ita cikin mintoci ta gama, shi kuma ya bi ya duba ya gyara. Na ce nawa ne tsakanin ja da rawaya? Ya matse yatsu biyu. Wallahi rarar da nake bari a gefen ɗinki ta fi shi faɗi.

Abin da bai taɓa riƙe almakashi ba shi zai shata min. In idon ya tafi, me ya rage wa tela? Tsoro nake ji.

Ranar 7 ga Yuli za a fara.

Alhamis, 3 ga Yuli

Saƙo a waya: injin gashi ya lalace, sai 21. Allah ya isa ban san wa zan yi wa ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Tuwo ya daina wucewa, sai kunu, shi ma da daɗewa. Na tsuke rigunana uku a shago don kada Yaya ta gane. Ta ce, "Ke kam ciwon ma bai taɓa jikinki ba, alhamdulillahi." Na ce ai kuwa.

Ina ajiye tef sai hannuna ya ɗora shi a fuskata, daga kunne zuwa kunne ta ƙarƙashin haɓa. Ranar hoto sha ɗaya da rabi ne, na auna da muka dawo, halin tela. Yau goma da kwata.

Na zauna a kan keke na kasa taka shi. Awon da ke hannunsu tsoho ne. Wadda kwamfutar ta zana mai kumatu ce, ni kuma yanzu ba ni da su. Nawa na kora daga shagon nan saboda sun kawo min awon bara?

Laraba, 16 ga Yuli

Na kira matar da muka yi musayar lamba da ita a layin asibiti, wadda ta kawo mijinta Malam Mamudu. Na yi kamar gaisuwa ce. Ta ce ai shi ramewa ya yi, ragar ta yi masa yawa, aka ce sai an sake komai daga farko, ya koma ƙarshen layi. Na ce, "Yanzu yaya jikin nasa?" Ta ce shekaranjiya aka yi sadakar bakwai.

In na faɗa, layi ya wuce ni. In na yi shiru, kaina ya goce cikin ragar, wuta ta sauka a rawaya. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 19 ga Yuli

Kwana uku ina ɗura wa kaina fura da man shanu. Rabi ya dawo. Goma da kwata, ko gezau.

Lahadi, 20 ga Yuli

In kafaɗar mace ba ta cika riga ba, ciko ake yi mata, ba wanda ya taɓa ganewa. Na mulmula auduga biyu na tura a kumatu na duba madubin shago. Sak Murjar watan jiya. Na ɗora tef: sha ɗaya da ɗan ɗoriya.

Na san ba daidai ba ne. Na sani. Amma ba zan koma ƙarshen layi ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A banɗaki na saka audugar. Rebecca ta kifa ragar ta danna maɓallanta, ta ce, "Anti, ta zauna?" Na ɗaga babban yatsa. Ta fita, aka rufe ƙofar nan mai kauri. Injin ya zagaya ni sau ɗaya ya tsaya. Shiru. Ina ta Hasbunallahu a zuci, ina jiran zafi.

Ƙofar ta buɗe. Ashe kafin a saki wuta sai an ɗauki wani ɗan hoto, kwamfutar ta ɗora shi a kan na farko. Ita ta nuna cewa wuyan nan bai dace da wancan ba. Rebecca ta duba da kyau, ta ga wasu ƙulli biyu a bakina da ba nama ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tasa kawai ta miƙo ta ce, "Anti, tofa." A gaban Yaya na tofar. Yaya ta kalli tasar, ta kalli rigata, ta kama gefen ɗinkin ta juya. Ba ta ce min uffan ba har Suleja.

Dokta ya ce audugar ta cika kumatu amma ba ta cika wuya ba, kaina yana wasa a ciki. Na ce da an yi fa? Ya ce, "Hajiya, bar wannan tambayar." Na kama kuka ina cewa kada su mayar da ni baya, ni ma kada a yi min sadakar bakwai. Ya ce hoto yau, sabuwar raga yau, zane kafin la'asar, sauran bincike kwana uku. Gurbina yana nan.

Na ce to Malam Mamudu fa? Ya ce ba zai yi maganar wani majinyaci ba. Har yanzu abin yana cina.

Alhamis, 24 ga Yuli

An yi na farko. Ba zafi, ƙara ce kawai.

Amma sabon zanen ba irin na da ba ne. Cikin sati biyar ɗin nan jan ya faɗaɗa, yanzu ya kusa jingina da rawayan. Dokta ya ce kwamfutar ta zana, shi kuma ya ƙara jan layin da hannunsa iya inda zai jawu. Idon hagu zai iya dusashewa, zai iya tsira. Na ce cikin goma nawa? Ya ce shi ba tela ba ne, ba ya yanka alkawari. Na yi dariya don kada in yi wani abu.

Asabar, 26 ga Yuli

Minna. Sai Litinin mu koma, saura talatin da uku.

Jiya da Rebecca ta tambaye ni ko ragar ta zauna, na ce mata haɓar tana ɗan motsi. Ni da bakina. Minti arba'in aka ɓata ana dubawa, na bayana suna ta tsaki. Su yi.

Yaya ta fara yi min magana, kodayake da cokali a hannu take yi, tana ɗura min kunu.

Na leƙa shago da hantsi, ba don komai ba, ƙura kawai na je kakkaɓewa. Ba kowa, sai na rufe idon hagu da tafin hannu, na kafe allura a matashi na gwada zura zare. Sau shida yana wucewa ta gefe. Na bakwai ya shiga.

Na zare na sake.