Injin Tsince Shinkafa Ya Tashi

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Ina gajiya, ya aiki, ya zama a ƙasar mutane? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Kura kowa lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Kwamfutar da ka haɗa wa injinmu na tsince shinkafa ta mutu. Baba ne ya lulluɓe ta da buhu don kada ƙurar dusa ta shige ta, zafi ya ƙona ta. Aka sayo sabuwa, ita kuma ta ƙi karɓar manhajar injin, wai ta tsufa. Ga kaka ta shigo, mata masu turara shinkafa sun jibge buhuna har bakin titi, wasu sun fara kwashe nasu zuwa Bunkure.

Baba ya ce a jira ka. Na ce, “Baba, karatun nan da na yi ba na ado ba ne.” Na zauna na bi saitinta, har na gano inda ake sa ta tafiyar da manhajar a tsohon tsari. Da farko ta turje, sai da na sake ɗora mata abin da ke haɗa ta da injin. Yaya, ina ma kana nan! Shinkafa ta zubo fara tas, matan suka rangaɗa guɗa.

A sa mu a addu'a, a gaida Anti, a shafa min kan yara. Baba ya ce ka yi zamanka, Injiniya tana gida. Buhun dai na ɓoye shi, kada Baba ya sake lulluɓe ta.

Ƙanwarka,
Hadiza