Akwatinka a Rijiyar Baffa

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya sanyin ƙasar Turawa? Ina fatan Hauwa da yara suna lafiya. Mu nan Roni sai godiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Habibu, raina a ɓace yake. Akwatin maganaɗisun nan da ka ƙera, mai auna man gyaɗa ba tare da an fasa ta ba, wanda ka bar mini amana, ya kwana a rijiya.

Ranar sunan ɗan ƙanwarmu Ladi na tafi Babura ta'aziyya, sai aka fito da shi zaure don wanzami ya zauna a kai. Yana ajiye aska, akwatin ya fizge ta. Agogon liman ma ya tsaya. Nan take Baffa Sule ya ce ka kawo mana iskoki gida, ya sa aka jefa shi tsohuwar rijiya. Ba wanda ya ce a jira ni! Abin da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kansa, lokacin da sa'o'inka ke rububin kwangilar gwamnati!

Washegari na zura ƙugiya, shi da kansa ya cafke ta, na jawo shi sharkaf. Baffa ya leƙo ya ce, "Ka gani ko? Har a ruwa bai daina kamu ba."

Ka rubuto mini ko zai gyaru. Ka gaida Hauwa. Ka kuma roƙa mini Allah ya riƙe bakina, domin ƙanin mahaifinmu ne, gobe ma sai na durƙusa na gaishe shi.

Yayanka,
Musa