Yadda Baba Ke Kiran Kyamarorinsa

Ƙofar Durbi,
Katsina.
20 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga Yayana Salahuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Osaka. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka a inda idonmu ba ya kai. Mu nan gida sai godiya. Damina ta sauka, an yi ruwa uku masu kyau, bishiyar bedin ƙofar gida har ta yi sabon ganye. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, ka san ba ta ajiye ko ɗaya a cikinsu. Yaya Indo ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Sada, kuma kowa ya yarda hancinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Ni ma ina nan ina fama da 'yan aji huɗu. Gari kuwa ya yi wata irin sakewa tun da soja suka miƙa mulki. Mutane na ɗaga murya a teburin mai shayi, kowa ya zama masanin siyasa, hotunan 'yan takara kuma ruwa na ta ɓare su daga jikin bangaye.

Kaset ɗin da ka aiko ta hannun Alhaji Sule ya iso. Ban san ko ka san abin da ka jawo mana ba, domin yau kwana goma sha biyu ke nan ba mu ji labarai a rediyon gidan nan ba, sai muryarka. Wurin da Baba ya fi so shi ne inda ka amsa tambayarsa, ka jero masa sunayen kyamarori yadda masu ƙera su ke faɗa da bakinsu. Da ya ji wai Kanon ɗinmu Kyanon ce a gidansu, sai ya riƙe haɓa. Da ka ce Minoruta da Pentakkusu, ya sa na mayar da kaset baya har sau huɗu. Amma Orinpasu ce ta gama da shi, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe shekara talatin yana kiran baiwar Allah Olimfus tana amsa masa don kara kawai. Da ka zo kan Yashika ka faɗe ta daidai yadda muke faɗa a Katsina, sai ya ɗauko ta ya ɗora a cinya yana shafawa, kamar wanda aka ce masa ɗiyarsa ta yi aure a nesa ba a sauya mata suna ba.

Na san ba ka manta da yadda yake aiki ba. Malam Gwadabe Mai Hoto bai taɓa ce wa mutum ya yi murmushi ba, ya ce murmushin da aka roƙa na ƙarya ne. Sai dai ya zaunar da kai gaban labulen nan mai zanen jirgin sama, ya nuna ɗaya daga cikin tsofaffin kyamarorin da ya jera a kanta, ya tambaye ka me ake ce wa wannan a garinku. Kana buɗe baki ka faɗa, ka manta da tsoron hoto, shi kuwa ya danna. Da haka ya tara sunayen nan. Mista Bayo, Bayaraben da ya koya masa aiki, Yasika yake cewa, ba ya iya fitar da sha ɗin. Kwaran nan mai kantin yadi yana jan tsakiyar, Yashiika, har sai ka gaji da jira. Mutanen Maraɗi in sun zo, Kanon ta hanci suke ƙarasa ta, ba a jin ƙarshenta. Baturen Ingila da ya koyar a kwaleji Nikon yake cewa, Ba'amurkiyar da ta gaje shi ta ce atafau Naikon ce, mu kuma 'yan gari muka raba gardama muka ce Nikwan. Mutanen ƙauye ba ruwansu da duk wannan wahala, kowace kyamara a duniya Kwadak ce.

Yanzu bayan la'asar, in na taso daga makaranta na biya ta shago, nakan same shi zaune ƙofa a rabin buɗe, hasken yamma ya kwanto kan kantar, yana kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a hankali. Kowane suna da mutumin da ya kawo shi, da rigar da ya sa ran nan, da garin da ya fito. Ya ce mini shi bai taɓa wuce Ikko ba, ita ma sau ɗaya, amma in ya ce Zenit yadda ɗalibin nan da ya dawo daga Rasha ya faɗa, sai ya ji sanyin ƙanƙara a tafin ƙafarsa. In ya ce Laika, wadda bai taɓa riƙewa ba, sai ya ga wani dogon titi mai duwatsu ana yayyafi, ba kowa a kai. Ni ma sai na zauna a kan bencin masu jira na biye masa. Nakan ga sunan ya shiga jirgin ruwa daga wajenku, duk tashar da ya tsaya a gutsire masa baƙi ɗaya a liƙa masa wani, har ya iso Ƙofar Durbi a gajiye, mu ba shi ruwa mu kira shi yadda harshenmu ya iya. Wani lokaci sai kiran magariba ne ke dawo da mu.

To Yaya, ba don in ba ka labarin sunaye na ɗauki biro ba. Akwai maganar da aka hana ni faɗa maka, na kuma yi ta juya ta a raina wata biyu, yau dai na ga ba zan iya ba. Tun lokacin zaɓe, da 'yan takarar kansila suka yi ta cika shago, na lura Baba ya sauya. Da sau ɗaya yake tambayar sunan. Yanzu sai ya sa mutum ya maimaita sau biyu, sau uku, shi kuma ya sunkuya kan Yashika, ya karkata kai gefe, yana murza maɓallin saiti a hankali. Na ɗauka tsufa ne ya ƙara masa son wasa. Hotuna kuma suna fitowa tas, kowa na yabo, don haka ban kawo komai ba.

Sai ran wata Asabar wani Bafulatani daga wajen Batagarawa ya zo da amaryarsa, suna son hoton da za su kai wa dangi. Ina nan zaune. Baba ya yi tambayarsa, mijin ya ce Kodaki yana dariya. Ya juya ga amaryar, ita kuwa ka san kunyarsu, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta ƙi ko tari a gaban dattijo. Ya lallashe ta, ya yi mata barkwanci, ya ce ko sunan saniyarta ta faɗa, ina, ko uffan. Daga ƙarshe ya danna. Da aka wanke hoton, mijin ya fito sarai a tsakiya, ita kuwa kafaɗarta ɗaya da gefen mayafi kawai suka shigo. Na riƙe hoton nan ina kallo, a nan na gane ashe Baba ya daina saita hoto da ido. Da kunne yake yi. Muryar mutum ce ke gaya masa inda yake zaune da nisan da ke tsakaninsu, wadda ta yi shiru kuwa bai san inda take ba.

Na tsare shi da kuka har ya amsa. Ya ce tun bara abin ya fara, kamar an hura hayaƙi a ɗaki an rufe taga. Mijin Yaya Indo ya kai mu Kano wurin likitan ido. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama akwai saura, in fuska ta matso kusa a cikin rana yana iya gane ta, amma abin da ke kan takarda ya ɓace masa. An ba shi maganin ɗigawa, an ce zai rage saurin abin, ba zai dawo da abin da ya wuce ba. Da na matsa wa likitan a waje, ya ce shi ba zai yi mini alkawarin bayan babbar Sallah mai zuwa ba, sani na Allah ne. A mota muna dawowa Baba ya ce kada wanda ya rubuta maka, wai kana tsakiyar koyon aiki, ba ya son a ɗaga maka hankali. Inna ta goyi bayansa a gabansa, amma ita ce jiya ta saya mini kan sarkin da zan manna a wannan takarda.

Na ji abin da ka faɗa a ƙarshen kaset, cewa za ka aiko masa da sabuwar kyamara mai saita kanta, kai kuma sai ka ƙara shekara biyu ka gama koyon injin wanke hoto mai kala. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma Yaya, ka bar kyamarar nan a kantinsu. Yana da goma sha ɗaya a shago, kowace da sunaye uku uku, ba ƙari yake nema ba. Kuma ni ban manta ba, ranar da muka raka ka tasha shekara shida da suka wuce, jami'a a rufe, ranka a ɓace, ka ce ba za ka sake taka ƙasar nan ba sai soja sun koma bariki. To sun koma. Ban ce komai ya gyaru ba, wuta ma yau kwana uku ba mu gan ta ba, amma sharaɗin da ka kafa da bakinka ya cika. Ina jin tsoro, Yaya, kuma ina jin haushinka kaɗan, ko da yake na san ba ka da laifi tunda ba ka sani ba. Yanzu ka sani.

Ka gaishe mini da Ɗanliti na gidan Kawu in kun haɗu, ka ce masa mahaifiyarsa na cigiyar wasiƙa. In ta Jidda jirginka zai biyo, ka isar da gaisuwarmu ga Gwaggo Hawwa da Rahama da yara. Inna na sa maka albarka, Yaya Indo da maigidanta na gaishe ka, haka Kawu Baƙo da mutanen Ƙofar Marusa baki ɗaya.

Saura abu ɗaya. Hoton da ka saka a cikin kwalin kaset, wanda ka tsaya a bakin teku da gemunka har ƙirji, yana cikin aljihun Baba kullum. Duk wanda ya shigo shago sai ya ciro ya nuna masa, ya ce a duba yadda ɗansa ya zama babban mutum. Jiya da mutane suka watse, ya kira ni kusa, ya rage murya don kada Inna ta ji, ya tambaye ni ko ka fara tsayar da gemu yanzu, ko har yau fuskar nan ce ta yaro da ya sani. Na ce masa ya bari ka zo ya duba da kansa, ya ce to, zai jira. Don Allah Yaya, kada ka mayar da ni maƙaryaciya.

Wassalam.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Lailatu Gwadabe.