Giyar Dawo da Amai Gida

Chivi, 9 ga Yuli, 1994

Zuwa ga maigidana Tavengwa,

Shumba, ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Yaya jikinka, yaya tarin nan, yaya aikin gonar lemo? Mu nan lafiya, sai sanyi.

Dangi sun zauna sun sa ranar dawo da Amai gida, Asabar ta biyu a watan Agusta. Shekara guda ke nan da mahaifiyarka ta rasu tana waje, lokaci ya yi da za a zuba giya a kabarinta a kira ta ta shigo cikinmu. Ka nemi izini tun yanzu, kada ka zo mana da labarin mota.

Saura mai dafa giyar. Da Amai ce ke dafa wa kowa, yau ita za a dafa wa. Tete Shorai, ƙanwar mahaifinka, hannuwanta sun daina riƙe muciya. Na ce a ɗauko tsohuwa daga ƙauyen gaba. Ta ce, "Baƙuwa ta dafa wa Maidei, matar yayana, giya? Matar da ko gishirin maƙwabta ba ta yarda da shi ba? Wallahi a bakin ƙofa za ta tsaya ta ƙi shiga." Daga nan ta zuba mini ido har na rasa inda zan sa fuskata.

Na dai jiƙa tamba, na rufe ta da buhu. Wannan kowa na iya yi.

Taka,
Ruramisai

Chivi, 24 ga Yuli

Shumba,

Ina fata kana lafiya. Wasiƙarka ta iso, sukarin ma ya iso. Tambar ta tsiro, na shanya, na niƙa. Akwai maganar da na ɓoye maka, yau zan faɗa.

Ka san giyar kakanni ba ta son hannun macen da ke ganin al'ada. Shi ya sa shekara ashirin da huɗu ina gidanku ban taɓa leƙa randar ba, itace da ruwa kawai nake kaiwa. Shekaranjiya Tete ta same ni a bakin dutsen niƙa ta ce, "Matar ɗana, makauniya kika ɗauke ni? Igiyar bayan ɗakinki hunturu biyu ba ta ga tsumma ba. Tashi ki wanke randa."

Na ce wataƙila jinkiri ne. Ta ce, "Jinkirin wata goma sha biyar? Ko giwa ce ke?" Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, sai ta kama hannuna ta riƙe.

Gaskiya ta faɗa. Da Kirsimeti da ka tambaye ni, na ce maka akwai alamar ciki. Ƙarya na yi, ko kuma kaina na yi wa, ban sani ba. Na ga yadda fuskarka ta yi haske, na kasa ƙwace maka. Har yau Shumba nake kiranka da sunan zuriyarku, alhali sa'o'inka duk baban wane ake ce musu. Na so ko sau ɗaya in kira ka haka.

In na dafa giyar nan, duk wanda ya sha ya san an gama, gidan Tavengwa ba haihuwa. In na ƙi, Amai ta sha ta baƙuwa. Na fi so ka ji daga bakina kafin ka ji a bakin ƙwarya. Tsoro nake ji, ba na kakanni ba, naka.

Matarka,
Ruramisai

Chivi, 10 ga Agusta

Shumba,

Gaisuwa da fatan kana kan shiri. Ban ga amsarka ba, ban kuma jira ba. Mudzingwa direba zai miƙa maka wannan hannu da hannu.

Na dafa. Tete na zaune a kan turmi tana ba da umarni kamar mai koyar da soja. Na dama kunu, na zuba garin tsiro, muka bar shi kwana biyu ya yi tsami. Na tafasa shi wuni guda, hayaƙi ya cinye mini ido. Da ya huce na tsoma yatsa zan ɗanɗana, ta buge mini hannu. "Maidei ba ta sha ba, ke wa?"

Aka ƙara tsiro, aka rufe. Washegari randa shiru. Ko kumfa ɗaya babu. Matan gida suka fara kallon juna, na ji wata tana cewa wataƙila hannun ne bai tsarkaka ba. Ka san abin kunya? Daɗi na ji. Na ce ashe da sauran rabon haihuwa. Tete ta taɓa gindin randar ta ce, "Ba hannu ba ne, sanyi ne. Giya jaririya ce, a lulluɓe ta." Barguna kuwa duk an shimfiɗa wa baƙi.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe. Ka tuna farin bargon goyo da ka sayo a Masvingo shekarar aurenmu, wanda duk rani nake fitarwa in shanya in mayar? Shi na ɗauko. Na naɗe randar da shi, na ɗaure ta baya yadda ake goyo. 

Yau da safe na tarar ta tashi. Kumfa har wuya, tana wani ɗan sauti kamar numfashin mai barci. Tete ta tafa hannu ta ce, "Maidei ta karɓa." Ni kuwa na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Gobe zan tace. Ran Asabar ni zan ɗauki tulun farko zuwa kabari, a gaban kowa. In ka zo ka tsaya kusa da ni, na gode. In ba za ka iya ba, ka zo don mahaifiyarka.

Bargon ya sha giya, ba zai ƙara fari ba. Ban mayar da shi akwati ba.

Ni ce matarka,
Ruramisai