Tun da Kuka Ajiye Bukar a Benci

Ƙanena Musa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Yamai, ya jikin Hadiza? Mu nan Gure kowa lafiya, in ka cire ni.

Tun da mai horas da ekip ɗin ƙwallon ƙafa na ƙasa ya koma wasa da 'yan baya biyar, ya ajiye Bukar ƙanen matata a benci, shayin fada, majalisarmu ta hira, ya gagare ni. Kowa ya san kai ne mataimakinsa. Ina zama sai a ce, "Malam, ƙanen naka ba shi da baki ne?" In na gudo gida, matata Falmata ta dire mini tuwo ba ko sannu. Jiya surukata ta aiko da dabino, wai a kai maka ko zuciyarka ta yi laushi.

Abin haushin, na san gaskiyarku ce. Bukar ba ya dawowa tare gida in ƙwallo ya kuɓuce. In na faɗa, aurena ya girgiza. In na yi shiru, na bari ana zaginka.

Gai da Hadiza da yara, ku sa ni a addu'a. Don Allah ku ci wasan Asabar. In aka ci ku, ko masallaci ban san ta inda zan bi ba.

Yayanka,
Abdu